GASAR KURKET TA MATA: DAGA INA ZA A FARA GININ?

Ranar 20 ga Janairu 2025, a garin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka kara da na Niyu Zilan a gasar kurket ta duniya. Ruwan sama ya sa aka gajarta wasan. Namu suka fara bugu suka tara maki 65, su kuwa 'yan Niyu Zilan, waɗanda iyayensu da kakanninsu suka tashi cikin wannan wasa, suka tsaya a 63. Wannan shi ne karo na farko da 'yan matanmu suka je gasar, ga shi kuwa ba su dawo ba sai da suka ƙara da kayar da Ayilan. Kusan shekara guda kafin haka, a watan Maris na 2024, manyansu suka zo na uku a Wasannin Afirka da aka yi a Akara, suka rataya tagulla.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san da yawa cikinmu ba su ji wannan labari ba, waɗanda suka ji kuma ba su ga abin da ya shafe su ba. Ba na ganin laifin kowa. Mafi yawan yaran nan 'yan Kudu ne, musamman Jihar Edo wadda ta yi fice wajen kurket ɗin mata, wasan kuma ba wanda ake kallo a gidajen kallon ƙwallonmu ba ne. Amma nasara irin wannan takan jawo kuɗi da masu talla, kuma abin da ya kamata ya biyo bayanta shi ne gasa ta cikin gida, gajeruwa, wadda za a riƙa yi kowace shekara domin mata zalla. Ni ina goyon bayan a yi ta. Abin da nake jin tsoro shi ne a ɗora ta yadda yarinyar Kaugama, ko ta Auyo, ko ta Guri, ba za ta taɓa samun ƙofar shiga ba, a kuma ci gaba da kiranta gasar ƙasa.

Kafin in shiga gardama, bari in ɗan fayyace wasan, domin kada in yi ta ba da labarin giwa ga wanda bai taɓa ganin ko sawunta ba. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tauri, tsawonsa yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku. Mai jifa tana auna turakun da ƙwallo, mai bugu tana kare su da faffaɗar sanda. In ta buga ƙwallon ta yi nisa, sai ita da abokiyarta su yi ta musayar wuri a guje tsakanin turakun, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta tsallake iyakar fili tana birgima maki huɗu ne, in a sama ta tsallake maki shida. In aka kayar da turakun, ko aka cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ta faɗi, wata ta shigo. A tsohon tsari wasa ɗaya yakan ci kwana huɗu ko biyar, har da tashi shan shayi. A shekarar 2003 aka fito da gajeren tsari a Ingila, wanda ake kira T20, inda kowace ƙungiya ke da jifa 120 kacal, a gama komai cikin kamar awa uku. Wannan gajartawa ita ce ta fid da kurket daga hannun masu hutu ta kai shi ga mutanen da ke da aikin yi. Yarinyar da za ta yi wanki da safe ta yi bitar karatu da dare tana iya ba da awa uku ranar Asabar. Kwana biyar kam ba ta da su.

Ƙasashen da suka riga mu sun ga amfanin wannan. Ostireliya ta fara gasarta ta mata a ƙarshen 2015, Ingila ta kawo tata mai jifa ɗari a 2021, Indiya kuma ta buɗe tata a Maris na 2023 da ƙungiyoyi biyar, waɗanda attajirai suka saye a kan kuɗi sama da dala miliyan 500. Ana gwanjon 'yan wasa a bainar jama'a, ana haska wasannin a talabijin, yarinyar da ubanta manomi ne takan wayi gari ta fi gwamnan garinsu suna. Duk mai son wasan a Nijeriya idonsa na kan wannan misali, kuma nan ne haɗarin yake. Indiya ba da gwanjo ta fara ba. Ta yi shekara da shekaru yara na buga kurket a lungu da saƙo, da guntun katako da ƙwallon roba, kafin attajirai su zo su ɗora rufi. Wanda ya kwaikwayi rufin ya bar harsashin, damina ɗaya za ta nuna masa kuskurensa. In aka tara ƙungiyoyi huɗu ko biyar a Ikko da Abuja da Benin, aka raba musu yaran nan talatin ko arba'in da aka riga aka sani, aka ɗinka musu riguna masu sheƙi, to an yi biki, amma ba a ƙara ko yarinya ɗaya a kan waɗanda ke bugawa ba.

Mu 'yan Arewa mun fi kowa cancantar gane wannan, domin an taɓa gwada shi a kanmu. Kurket ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ana buga shi a cikinta tare da wasan nan na ƙwallon bango da ake yi da tafin hannu, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da shi. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, kuma abin mamaki, filin kurket mafi suna a Ikko yana dandalin da ke ɗauke da sunansa. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. To, ina kurket ɗin ya tafi? Ya zauna a bayan katangar makaranta, wasan 'yan zaɓaɓɓu ne, maza zalla, da Turanci ake koyar da shi, da Turanci ake ƙirga shi. Bai taɓa fita dandali ba. Ƙwallon ƙafa kuwa, wanda shi ma Bature ne ya kawo shi, ya tsallake katanga ya shiga unguwa, yara suka ɗaure tsumma suka mai da shi ƙwallo, har ya zama namu. Yau tsohuwa a ƙauye ta san gola, ta san raga, ta san an ci. Wannan bambanci shi ne darasin, kuma duk wanda zai tsara gasar mata bai kamata ya tsallake shi ba.

Saboda haka ni a ganina tushen gasar yana makarantun 'yan mata, musamman na kwana, kuma matakinta na farko ya zama masarauta. Masarautar Haɗeja tana da ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kirikasamma da Guri. Tazarar da ke tsakaninsu tafiya ce ta a je a dawo rana ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uban da zai yarda 'yarsa ta shiga motar makaranta da hantsi tare da malamarta, ta dawo kafin magariba, ba zai yarda a ɗauke ta zuwa Ikko, tafiyar sama da kilomita dubu, ta kwana bakwai a masauki ba. Wanda ya ce wannan duhun kai ne bai san halin hanyoyinmu ba, ko kuma ba shi da 'ya. In masarautun Jigawa biyar, watau Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse, kowace ta fid da gwanarta, sai a haɗu a Dutse. Wadda ta yi nasara a nan, lokacin da za a ce ta tafi Kaduna ko Abuja iyayenta sun riga sun ga abin da idonsu, sun san malamar da za ta raka ta, sun ji sunan 'yarsu a rediyo. Amana da kaɗan-kaɗan ake gina ta. Hukumar kurket ta ƙasa, wadda aka zaɓi Uyi Akpata shugabanta a 2021, ta riga ta gwada gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta maza da mata wadda ake farawa daga shiyyoyi. Abin da nake nema shi ne a ƙara saukowa ƙasa, daga shiyya zuwa jiha, daga jiha zuwa masarauta.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce 'ya mace Musulma ba ta da abin yi a filin wasa. In ƙwallon ƙafa ake magana, da gajeren wando da gogayyar jiki da taron maza 'yan kallo, na fahimci damuwarsu. Amma kurket ya bambanta. Babu mai taɓa jikin wata. Da dogon wando ake bugawa, riga mai dogon hannu ba ta hana komai, ɗankwali ko ƙaramin hijabi yana shiga ƙarƙashin hular kariya. Pakistan da Bangaladash, ƙasashen Musulmi ne da suka fi mu yawan Musulmi ko suka yi kusa da mu, duk suna da ƙungiyoyin mata, har ma matan Bangaladash suka ci kofin nahiyar Asiya a 2018 bayan sun doke Indiya. Abtaha Maqsood, 'yar Sikotilan, da hijabinta ta buga gasar Ingila a 2021. In kuma 'yan kallo ne abin gudu, wasan da aka yi a cikin makarantar 'yan mata, malamai mata na alƙalanci, ɗalibai da iyaye mata na kallo, ban ga inda ya bambanta da tsere da tsalle da ake yi a ranar wasannin makaranta ba. Kai, 'yan matan Hausa ba su taɓa zama marasa motsa jiki ba. Gaɗa a dandali, carafke, 'yar gala-gala, tsallen igiya, ga daka da surfe da ɗibar ruwa. Hannun da ya saba da taɓarya ba zai ji nauyin sandar kurket ba, idon da ya ƙware a carafke kuwa ya riga ya koyi cafe. Abin da ya ragu shi ne dandalin, domin wayar hannu da finafinai sun cinye shi a garuruwa da yawa, ba a kuwa kawo wani abu a madadinsa ba.

Gardama ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ita ta fi damuna. Za a ce yankin da ambaliya ta yi wa ɓarna irin ta 2022, inda gonakin shinkafa suka nutse, gidaje suka rushe, mutane suka koma zama a azuzuwa, yankin da kacala ta toshe wa hanyoyin ruwa, inda makarantu da yawa ke neman kujeru da malamai, ina shi ina wasan da sandarsa ɗaya daga Indiya ko Pakistan ake kawo ta? Gaskiya ne kayan kurket na ainihi suna da tsada: sandar itacen da ba ya tsirowa a nan, ƙwallon fata mai tauri, matasan ƙauri, safar hannu, hular kwano. In da su za a fara, gara a bari. Amma a titunan Karaci ba da su ake fara ba. Ƙwallon tanis suke naɗe wa salatif irin na masu gyaran wuta, ta yi santsi ta yi gudu, ba ta kuwa fasa kai, don haka ba a bukatar kayan kariya. Da yawa cikin gwanayen jifa na Pakistan da ita suka koya. Sandar da za ta bugi irin wannan ƙwallo, kafintan da ke yin benci ko masassaƙin da ke yin allo zai fid da ita cikin yini ɗaya. Turaku kuwa ba sai an saya ba. Kuɗin fara wasan a makaranta ɗaya bai kai na ɗinka wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa riguna da takalma ba. Ƙwallon fata sai a bar ta sai matakin jiha.

Ruwanda ma abin dubawa ce. Ƙasa ce ƙarama, ba ta da arzikin mai, kurket bai kama ƙasa a cikinta ba sai wajen shekarar 2000, bayan kisan ƙare-dangi na 1994. Ta bi makarantu, ta ba mata muhimmanci, ta buɗe filinta na Gahanga a 2017, a 2023 kuma 'yan matanta suka je gasar duniya suka kayar da Zimbabuwe. Gasar mata da hukumarmu ta fara gayyatar ƙasashe a Ikko a 2022, Ruwanda ce ta fara cinye ta, a gidanmu.

Ƙasar Haɗeja kuma tana da wata baiwa da masu tsara wasa daga Kudu ba lalle su lura da ita ba. Abokin gabar kurket na farko ruwan sama ne. Digo kaɗan ya sauka sai a tashi, shi ya sa ma wasan farko na 'yan matanmu a Malesiya, wanda za su yi da Samowa, bai yiwu ba. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu sama a bushe take, sanyin hunturu ya karya zafi, an gama girbi, ruwa ya janye, hanyoyi sun buɗe, makarantu suna zama. Wata huɗu cur. Sai dai a kauce wa sassafe saboda hazo yana ɓoye ƙwallo, a kuma lura da watan azumi in ya faɗo ciki. In aka bar gasar ta kai Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, an cuci yaran. In aka kai ta Agusta da Satumba, wasu garuruwan fadama ko motar ba za ta shiga ba. Don haka jadawalin da aka zana a ofis a Ikko aka aiko mana ba zai yi aiki a nan ba. Wata matsalar ita ce ƙasa. Wajen Kaugama rairayi ya yi yawa, ƙwallo kuwa ba ta tashi a kan yashi. Amma tsirin nan na tsakiya kaɗai ke bukatar tauri, kuma laka ake nema a yi shi. Lakar fadamar Haɗeja tana nan kusa. Matan da suka san daɓen ɗaki ba sai an koya musu yadda ake daddale yadi 22 ba. Inda hakan ya gagara, a zuba siminti a shimfiɗa tabarma mai kauri, kamar yadda ake yi a wurare da yawa.

Masu koyarwa su ne abin da ba a sassaƙawa a yini ɗaya. In namiji ne zai riƙa shiga makarantar 'yan mata yana kama musu hannu yana gyara jifa, maganar ta mutu tun ba a fara ba. Dole mata su koyar. Ga Kwalejin Ilimi a Gumel, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, duk suna yaye malamai mata. In hukumar kurket tana da kuɗin da za ta kashe a Arewa, to ta fara kashe shi a nan, ta horar da ɗalibai mata ashirin ko talatin kafin su fita, ta ba su takardar shaida, maimakon ta raba sanduna a gaban 'yan jarida, sandunan su ƙare a sito gara ta ci.

Wani zai tambaya, me yarinyar za ta samu? Ba zan yi alkawarin arzikin Indiya ba. Amma tun daga Yulin 2018 hukumar kurket ta duniya take lissafa duk wasan T20 na mata tsakanin ƙasashe mambobinta a matsayin cikakken wasan duniya, kuma an sa kurket cikin wasannin Olamfik na 2028 a Amurka, bayan rabonsa da su tun 1900. Ƙofa ce da ke buɗewa, kuma har yanzu ba a cika cunkoso a bakinta ba kamar ta ƙwallon ƙafa. Wanda ya riga shiga shi zai zaɓi wurin zama. Ban da wannan, akwai abin da ya fi kusa. Yarinyar da take shugabar ƙungiya, wadda take tsara inda kowa za ta tsaya, take lissafin jifa nawa ya rage da maki nawa ake bi, tana da wani dalili na komawa makaranta bayan hutu. A yankin da ake cire yarinya daga aji kafin ta gama sakandare, ko ƙaramin dalili yana da daraja.

Saura namu aikin, mu na Sashen Hausa, domin bai kamata mu tsaya muna nuna wa hukuma yatsa ba. Na ce kurket ya mutu a Arewa saboda bai koyi Hausa ba. Ƙwallon ƙafa ya samu masu sharhi a rediyo suka ba shi bugun kusurwa, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, da satar gida. Kurket ba wanda ya yi masa wannan hidima, ko sunansa ma da ƙyar ya zauna a baki. Mai jifa da mai bugu da mai tsaron turaku ba su da wuya. Ga musayar gudun nan da ake ƙirgawa, ni ina ganin sawu ya fi maki dacewa, domin haka mai ɗibar ruwa ke ƙirga zuwa rijiya da dawowa: ta yi sawu goma, ta yi sawu ashirin. Jifa shida da mai jifa ɗaya ke yi a jere kafin a canza, ina ba da shawarar a kira shi zubi, sai T20 ya zama wasa mai zubi ashirin. Lokacin da ƙungiya ɗaya ke bugu kafin a juya, zango ne. Wadda aka fitar kuwa, yara sun riga sun ba mu kalmar a wasanninsu: ta faɗi. Akwai wata doka da na rasa yadda zan yi da ita, wadda ake fid da mai bugu in ta tare ƙwallon da ƙafarta alhali da ta wuce sai ta bugi turaku. Na gwada katangar ƙafa, na gwada tarin ƙauri, ba wanda ya yi mini daɗi a kunne. Ina roƙon malamanmu na fassara su sa wannan cikin aikin aji na zango mai zuwa, a kawo dokokin wasan gaba ɗaya a raba wa ɗalibai, abin da ya fito a buga shi a ƙaramin littafi a kai wa makarantun Haɗeja kafin hunturu.